Kama da wane ba wane ba ne

Baba Malam, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni budurwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Sumaila, kuma ni ke koyar da yara a makarantar Lahadi ta majami'armu. Tun ina ƙarama akwai wata kalanda a ɗakin Innarmu mai hoton Yesu, fari sol, gashi har kafaɗa, idanu shuɗɗa. Shekarar kalandar ta wuce tuntuni, amma Inna ba ta yarda a cire ta. Kowace Kirsimeti kuma sai a tada janareto a haska mana fim ɗin Yesu na Hausa. Da wannan fuskar na girma, in na rufe ido zan yi addu'a ita nake gani.

Kwanaki ɗan Baffana, su Musulmi ne, ya nuna min a waya hoton mutumin da ya fito a fim ɗin, ya tsufa, yana sanye da kwat. Ya yi dariya ya ce, "Ga wanda kuke yi wa sujada nan, Bature ne ɗan wasan kwaikwayo." Baffa ya tsawata masa, amma shi ma ya zaunar da ni ya ce Annabi Isa nasu ne, sun fi mu girmama shi tun da ba sa zana shi, kuma ba a gicciye shi ba. Ana cikin haka wani baƙon mai wa'azi daga birni ya zo taron farkawa, ya ce Yesu attajiri ne, duk mai binsa da gaske ba ya talauci. Mu kuwa bana ko taki ba mu iya saya ba. Ranar Lahadi wata yarinya a ajina ta tambaye ni ko Yesu yana jin Hausa tun da Bature ne, na rasa abin faɗa.

Yanzu addu'a ta gagare ni. Da na rufe ido sai in ga ɗan fim, in ji kamar gunki nake roƙo. Wanne ne Yesu na gaskiya? Ko dai a kan hoto na gina bangaskiyata? Na kasa faɗa wa fasto, kada a ce na fara ja da baya.

'Yarka, daga ƙasar Sumaila

'Yata, ina amsa gaisuwarki. Ki gaishe min da Inna, ki gaishe da Baffa, don daga yadda ya tsawata wa ɗansa na gane dattijo ne mai mutunci.

Ba ja da baya kike yi ba. Mai ja da baya ba ya rasa barci don addu'a ta gagare shi. Abin da ya faru shi ne an ba ki hoto tun kina goye, kin riƙe shi da zuciya ɗaya, yanzu hoton ya tsage, kina tsoron ko wanda aka ce hotonsa ne ya tsage tare da shi. Shi yana nan yadda yake, kuma ɗan Baffanki, ko da yake da tsokana ya zo, gaskiya ya faɗa miki a kan abu ɗaya: mutumin nan ɗan wasa ne. Sunansa Brian Deacon, ɗan Ingila. An yi fim ɗin a 1979 a ƙasar Isra'ila, an ɗauko labarin daga Bisharar Luka, daga baya aka ɗora masa muryoyi cikin harsuna fiye da 2,000, har da Hausa. Aiki aka ɗauke shi, ya yi, aka biya shi, ya koma gida. Babu Kiristan da ya san abin da yake yi da zai ce shi ne Almasihu. Don haka in an sake nuna miki hotonsa, ki ce, "E, na san shi, ya kuwa tsufa," ki wuce.

Kalandar Inna ma tana da asali. Da yawa daga irin hotunan nan da ake sayarwa a bakin majami'u sun ɗauko kama ne daga wani zane da wani Ba'amurke mai suna Warner Sallman ya yi a birnin Chicago a 1940. Lokacin yaƙin duniya na biyu an rarraba wa sojojin Amurka ƙananan kwafinsa su sa a aljihu, kuma an ƙiyasta cewa an buga shi sama da sau miliyan 500. Yawan bugawa ne ya sa duniya ta saba da fuskar har ta ɗauka ita ce. Mai zanen bai taɓa ganin Yesu ba, kamar yadda ni da ke ba mu gan shi ba. Ya zana kyakkyawan mutum ne bisa abin da mutanen garinsu suke kira kyau.

Ki ɗauki Littafi Mai Tsarki ki bincika Matiyu, Markus, Luka da Yahaya daga farko har ƙarshe. Ba za ki sami aya ɗaya da ta faɗi tsawonsa, ko launin fatarsa, ko irin gashinsa ba. Wannan abin lura ne, don Littafin ba ya rowar irin wannan bayani in ya ga dama: ya faɗa mana Saul ya fi kowa tsayi a Isra'ila, Dawuda kyakkyawa ne, Zakka gajere ne har sai da ya hau itace. Amma mutanen da suka ci abinci da Yesu, suka kwana a hanya tare da shi, sun yi shiru a kan kamanninsa. Abin da muke iya tsinta sai a gefe. A daren da aka kama shi, sai da Yahuza ya yi wa masu kamun alama da sumba, wato a cikin almajiransa bai fita dabam yadda za a nuna shi daga nesa ba. Da fari ne sol mai idanu shuɗɗa a tsakiyar Galilawa, da Yahuza bai sha wannan wahala ba. Matar nan Basamariya a bakin rijiya kallo ɗaya ta yi masa ta san Bayahude ne. Annabi Ishaya kuma, a sura 53 da Kirista suke karantawa a kansa, ya ce ba shi da wani kyan gani da zai ja hankalinmu.

Masana sun gwada kimanta yadda Bayahuden Galili na wancan zamani yake. A 2001 wani ƙwararre a Ingila, Richard Neave, ya yi amfani da ƙoƙunan kan mutanen wannan yanki da zamani ya sassaƙa fuska don wani shirin BBC: mutum mai faɗin fuska, fata mai duhu, gajeren gashi baƙi mai murɗewa. Wata farfesa, Joan Taylor, ta kimanta tsawon namijin wurin a wajen santimita 166. Wannan ma ba hoton Yesu ba ne, hoton irin mutanen garinsu ne, kada ki cire na Inna ki liƙa shi. Amfaninsa kawai ya tuna mana cewa massassaƙi ne daga ƙauyen Nazarat, mai aikin hannu, wanda yake taka ƙasa da ƙafa cikin rana daga Galili zuwa Urushalima, tafiyar da ta haura kilomita 100. Ki dubi hannun duk wani mai sassaƙa turmi a kasuwar ƙauyenku, ya fi hannun cikin kalanda kusa da gaskiya.

Kuma ba tun farko aka san shi da gemu da dogon gashin nan ba. Ɗaya daga zane mafi tsufa da aka tono yana bangon wani gida da Kirista suke taruwa a garin Dura-Europos a ƙasar Siriya, wajen shekara ta 235. Saurayi ne marar gemu, mai gajeren gashi, yana warkar da shanyayye. A kogunan kabari na ƙarƙashin birnin Rum ma haka ake zana shi, matashin makiyayi da tunkiya a kafaɗa. Sai bayan da sarakunan Rum suka karɓi addinin aka fara zaunar da shi a gadon sarauta da gemu da alkyabba. Habasha, waɗanda sarkinsu Ezana ya karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4, kafin yawancin ƙasashen Turai, suna zana shi da manyan idanu irin nasu. Wani mai zane ɗan Koriya, Kim Ki-chang, ya zana rayuwarsa duka cikin tufafin Koriya lokacin yaƙin ƙasarsu a farkon shekarun 1950. A nan gida Nijeriya, a Oye-Ekiti daga 1947, masassaƙan Yarabawa sun sassaƙa labaran bishara da kamannin Yarabawa. A arewacin Kamaru kuwa, cikin shekarun 1970, Kiristan ƙabilar Mafa sun riƙa kwaikwayon labaran bishara a ƙauyukansu aka zana su, Yesu baƙi, yana zaune a gindin itace tsakanin bukkoki da ƙwarya. Kowa ya jawo shi zuwa gidansu. Ban ga laifin Bature da ya zana shi Bature ba. Laifin da nake gani shi ne hoton gida ɗaya ya zo da jirgi da injin ɗab'i ya danne na kowa, har yarinya a ƙasar Sumaila take tambaya ko yana jin Hausa.

Damuwarki a kan gunki ma ba ke kika fara ta ba. A daular Rum ta gabas an yi fiye da shekara ɗari, daga wajen 726 zuwa 843, ana rikici a kan hotuna, wasu suna farfasawa suna kafa hujja da doka ta biyu a Fitowa 20, wasu suna karewa suna cewa tun da Kalma, wato Yesu, ya zama mutum ana iya zana shi. Taron shugabannin ikkilisiya na biyu a garin Nikiya a 787 ya yarda a girmama hoto amma sujada ta Allah ce kaɗai. A ƙarni na 16 John Calvin da mabiyansa suka sake fitar da hotuna daga majami'u. Shi ya sa za ki shiga cocin Katolika ki ga siffofi, ki shiga yawancin majami'un ECWA na ƙauyukanmu ki ga bango fayau sai gicciye da allon waƙoƙi. Duka ɓangarorin sun yarda a kan abu ɗaya, cewa takarda da fenti ba su ne Ubangiji ba.

Tun kafin wannan rikici wani malamin ikkilisiya ɗan Afirka, Agustin na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya taɓa maganar da ta dace da ke sosai. A littafinsa kan Triniti, wato Allah Uku Cikin Ɗaya, ya ce mutane marasa iyaka suna ƙaga fuskar Ubangiji a zukatansu ta hanyoyi dabam-dabam, alhali fuskarsa guda ce, kuma cetonmu bai rataya a kan ko mun dace da kamannin ba, ya rataya ne a kan gaskata cewa ya zama mutum. Zuciyar ɗan Adam ba ta iya jin labarin mutum ba tare da ta yi masa fuska ba. Ko tatsuniya ake yi wa yaro sai ya ga Gizo a ransa. Saboda haka fuskar ɗan fim da take faɗo miki ba zunubi ba ce, sabo ne na ido. Ki tambayi kanki: lokacin da kike yarinya kina addu'a Inna ta warke daga zazzaɓi, wa kike roƙo, wani ɗan Ingila, ko wanda kika ji ya tada 'yar Yayirus? Kin san amsar. Wanda kike nufi shi ya ji ki.

Yanzu bari in zo kan wanda ya fi damuna a wasiƙarki, wato baƙon mai wa'azi. Hoton kalanda a bango yake, kowa yana ganinsa, ana iya cire shi. Hoton da ake zanawa da baki daga kan bagade shi ne yake shiga ciki ya zauna, mutum bai san hoto ba ne. Mutumin nan ya zana muku Yesu mai babbar riga da mota, ya bar manoman da ba su sami taki ba suna zargin bangaskiyarsu. Wannan zalunci ne, kuma Littafin bai goyi bayansa ba. Da aka kai Yesu Haikali yana jariri, iyayensa kurciyoyi biyu suka miƙa, hadayar da Littafin Firistoci 12 ya sassauta wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Shi da bakinsa ya ce yanyawa suna da ramuka, tsuntsaye suna da sheƙa, amma Ɗan Mutum ba shi da wurin sa kansa. Mata ne irin su Maryamu Magadaliya da Yuwana da Suzana suke ɗaukar nauyin tafiyarsa daga abin hannunsu, kamar dai yadda Zumuntar Mata take riƙe da majami'unmu yau. Da aka tambaye shi batun haraji, cewa ya yi a kawo masa dinari ya gani. Jakin da ya hau na aro ne, kabarin da aka sa shi na Yusufu mutumin Arimatiya ne. Ban ce talauci ibada ba ne, kuma roƙon Allah ya ba da damina mai albarka daidai ne. Amma duk wanda ya ce rumbunki ne ma'aunin bangaskiyarki, ki tambaye shi da wane ma'auni zai auna Bulus, wanda ya ce ya san ƙoshi ya san yunwa. Ki kuma lura ko wa'azin ya ƙare da kiran a kawo baiko na musamman. Sau da yawa a nan zanen yake nuna hannun mai zanensa.

Akwai wasu hotunan baki da muka gada ba mu sani ba. Akwai Yesu mai bulala, wanda iyaye suke tsorata yara da shi, kullum yana rubuta laifi. Wanda ya girma da wannan, addu'arsa duk ban-haƙuri ce, ba ya taɓa sakin jiki. Akwai Yesu mai sanyi kamar ruwan randa, wanda ba ya tsawata wa kowa, mai wannan kuma sai ya riƙa cutar mutane yana cewa alheri ya rufe. Akwai na 'yan siyasa, mai goyon bayan ƙabilarmu a kan ta wasu. Kowane ɗaya ya tsinci wata aya ya bar saura. Wanda ya kifar da teburan 'yan canji a Haikali shi ne ya ɗauki yara a hannu ya sa musu albarka. Wanda ya kira Farisiyawa kaburbura masu farar ƙasa shi ne ya ce wa matar da aka kama da zina shi ma bai hukunta ta ba, ta tafi kada ta ƙara. Irin Yesun da mutum ya riƙe a ransa shi yake yanke yadda zai yi addu'a, yadda zai ji in ya faɗi, da yadda zai kalli maƙwabcinsa. Wannan ya fi launin ido nauyi nesa ba kusa ba.

Ikkilisiyar farko ta gane haɗarin hoto ɗaya. Wajen shekara ta 170 wani malami mai suna Tatiyan ya narkar da bishara huɗu ya mai da su labari guda, aka daɗe ana karanta shi a Siriya. Daga baya ikkilisiya ta ajiye shi ta koma ga huɗun, kowace da muryarta: Markus mai sauri, Matiyu mai koyarwa, Luka mai kula da mata da matalauta da baƙi, Yahaya mai zurfi. An bar mana shaidu huɗu don kada wani ya naɗe shi ya sa a aljihu.

Game da Baffa, ki saurare shi da ladabi, don abin da ya faɗa game da girmamawa gaskiya ne. Alƙur'ani ya ambaci sunan Isa sau 25, akwai sura guda mai sunan mahaifiyarsa, kuma Maryamu ce kaɗai macen da aka kira da sunanta a cikinsa. Ya tabbatar da haihuwarsa ba tare da uba ba, ya kira shi Almasihu, ya ce ya warkar da makaho da kuturu ya kuma tada matattu da izinin Allah. Musulmi ba ya ambatonsa sai ya ce alaihissalam, kuma suna jiran dawowarsa ya kashe Dujal. Har kamanninsa an ruwaito a hadisan Bukhari, wata ruwaya ta ce ja ne matsakaicin tsayi, wata ta ce wankan tarwaɗa ne mai gashi har kafaɗa. Zancen nan tsakanin Kirista da Musulmi tsoho ne: lokacin da sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha wajen 615, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta wa sarki Najjashi, wanda Kirista ne, farkon Suratu Maryam, sarkin ya yi kuka ya ba su mafaka.

Amma kada ladabi ya sa ki ce duk ɗaya ne, don ba ɗaya ba ne, kuma Baffa ma ba zai yarda ba. Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an dai kamanta musu ne. Bulus kuwa a 1 Korintiyawa 15 ya ce abu mafi muhimmanci da ya karɓa ya kuma miƙa shi ne Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Musulunci ya ce bawan Allah ne kuma manzonsa. Bisharar Yahaya ta buɗe da cewa Kalman nan Allah ne, ya zama mutum ya zauna a cikinmu. A nan hanya ta rabu, kuma ba hoto ne ya raba ta ba. Ko an ƙone duk kalandun duniya wannan bambanci yana nan. Shawarata ki ce masa, "Baffa, na gode, na ji yadda kuke girmama shi, kuma ni ma ba hoto nake bauta wa ba. Abin da muka gaskata game da gicciye shi ne ya bambanta." Ki tsaya nan. Kada ki shiga musu da ɗansa, musamman a waya ko a Facebook, kuma ko da wasa kada bakinki ya taɓa abin da suke girmamawa. Kin san ƙasar da muke ciki, kin san yadda magana ɗaya take zama wuta. Ban da haka ma, zumuncin gidanku, inda ake kai wa juna tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti, ya fi cin gardama daraja.

Maganar cewa addinin Bature ne kuwa, tarihin ƙasar Kano kansa yana da abin faɗa. A zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a birni, Malam Ibrahim, wanda karatun Alƙur'ani ya sa ya ba Annabi Isa matsayi na musamman, ya tara mabiya da aka kira Isawa. An kashe shi a kasuwar Kano cikin shekarun 1860, mabiyansa suka watse wajen ƙasar Ningi da kewaye. Ba duka suka zama Kirista ba, amma a 1913 wasu daga zuriyarsu suka sadu da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS na cocin Anglican a Zariya, aka kafa zango a Gimi, ciwon barci ya tashe su, ragowar suka zama cikin tushen Kiristan Wusasa. Ban kawo wannan don tada tsohon miki ba. Na kawo shi ne don ki ga Hausawa sun yi ta tambaya a kan mutumin nan tun kafin Bishop Tugwell da Miller su iso Kano a 1900, tun kafin a buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, ba kalanda, ba majigi. Tambayar da kike yi ta gida ce.

To, me za ki yi da addu'ar da ta tsaya? Ki ɗan huta da rufe ido. Ba inda aka ce sai an rufe ido, shi kansa Yesu sama ya ɗaga idonsa ya yi addu'a a kabarin Li'azaru. Ki yi addu'a kina tafiya rijiya, kina sussuka, kina kallon gona. In fuskar ta faɗo, kada ki yi kokawa da ita, kokawar ce take ƙara manna ta, ki ci gaba da maganarki kawai. In kalmomi sun ƙare, ki karanta Zabura da murya, ko addu'ar da ya koya wa almajiransa.

Sannan ki ɗauki Bisharar Markus, surorinta 16 ne kawai, ki karanta sura ɗaya kowace rana da murya, da Hausa. In akwai wanda yake da ta saurare a katin waya, ki karɓa ki ji. Ki ajiye ɗan littafi kina rubuta abin da ya yi: wa ya taɓa, da wa ya ci abinci, me ya ba shi haushi, wace tambaya ya yi. Tun a sura ta farko za ki ga ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, abin da ba mai yi a lokacin. A ta huɗu yana barci a kan matashi cikin jirgi saboda gajiya. A ta takwas ya tambayi almajiransa abin da mutane suke cewa game da shi, suka kawo amsoshi iri-iri kamar yadda aka kawo miki, sa'an nan ya juyo ya tambaye su abin da su suke cewa. A Bisharar Yahaya kuma ya ce tumakinsa suna jin muryarsa, kuma ke 'yar ƙauye kin fi 'yan birni gane wannan. Kin ga yadda shanun Bafillatani suke bi ta gonaki bayan girbi: ko ya rufe fuska da rawani da malafa, kira ɗaya zai yi su juyo, wani kuwa ko ya ari rigarsa da sandarsa ba za su kula shi ba. Karatun nan shi zai saba miki da muryar, har in wani ya sake zuwa da Yesu attajiri ko Yesu mai bulala, kunnenki ya gaya miki baƙo ne.

Kalandar Inna kuwa, ki bar mata abarta. Ba gunki take yi da ita ba, tana tuna mata ne da wanda ya riƙe ta a shekarun da ke ba ki sani ba. In akwai irinta a ɗakinki kuma tana dame ki, ki naɗe ki ajiye ba tare da sanarwa ba.

Ki faɗa wa fasto, ko matarsa in ita ce kika fi sakewa da ita. Ba na jin zai ce kin ja da baya, mai yiwuwa ma ya gode miki, don ba ke kaɗai ba ce a majami'ar nan da wannan tambaya. Ki roƙe shi abu ɗaya: bana kafin a tada janareto, ya tashi ya yi wa jama'a bayani na minti biyu cewa waɗanda za a gani 'yan wasa ne suna kwaikwayon abin da Luka ya rubuta, kamar yadda matasa suke wasan haihuwar Yesu a majami'a, kowa ya san Yusufu ɗan gidan wane ne. Fim ɗin ya yi wa mutane da yawa amfani, musamman waɗanda ba su iya karatu ba, ba sai an daina haska shi ba.

Yarinyar ajinki kuma ki koma mata ranar Lahadi, kada ta ɗauka tambayarta laifi ce. Ki gaya mata Yesu ba Bature ba ne, Bayahude ne daga wani ƙaramin ƙauye, harshen gidansu Aramiyanci, ya yi gudun hijira zuwa Masar a nan Afirka yana jariri, kuma mutumin da ya taya shi ɗaukar gicciye, Saminu, daga Kurane yake, a ƙasar Libiya ta yau. Ki karanta musu Ayyukan Manzanni sura 2, inda kowa ya ji bishara da harshen da aka haife shi a ciki. Daga nan ki raba musu takarda da fensir, ki karanta labarin ciyar da mutum dubu biyar, ki ce kowa ya zana abin da ya ji, kada ki gyara wa kowa nasa.

Baba Malam